Suna a Gefen Dutse

Ranar Litinin, 9 ga watan Maris na shekarar 1998, da misalin ƙarfe goma na safe, Baba Guduma yana durƙushe yana wanke gindin dutsen tunawa da buroshi, sai ya ga baƙaƙen takalma sun tsaya a gabansa. Ya ɗaga kai. Wani siririn mutum ne, fensir a bayan kunne, fayil a hammata, tef ɗin awo a hannu. Sabon malamin rajista ne na sashen ayyuka, makonsa biyu da kama aiki, an turo shi ya rubuta duk kayan hukuma da ke fili: famfuna, kujerun siminti, agogon kasuwa, da wannan dutse.

"Sannu da aiki, Baba. Kai ne mai kula da shi?"

"Shi dai yake kula da ni," in ji Baba Guduma. "Ni nake tsufa, shi yana nan yadda yake."

Shekararsa arba'in da takwas a lokacin, amma ƙurar dutse ta riga ta farar masa da kai, har sa'anninsa Baba suke ce masa. Guduma kuwa tun yana koyon aiki aka laƙaba masa, sunan ya bi shi har cikin takardar ɗaukar aiki.

Dutsen yana bakin babban titi, bayansa na kallon katangar gidan waya. Tsayinsa mita biyu da rabi, faɗinsa mita ɗaya da rabi, kaurinsa bai kai rabin mita ba. Fuska biyu gare shi. Ɗaya tana da jinjirin wata a sama, da addu'a layi biyu, da sunaye a ƙasa. Ɗayar tana da gicciye, da tata addu'ar, da nata sunayen. Mutanen da suka rasu ne ranar da tsohuwar gada ta karye da motar bas.

Malamin rajista ya bi sunayen gaba da gindin fensir, ya ce ashirin da uku. Ya matse cikinsa ya shiga tsakanin dutse da katanga, ya fito da yanar gizo a hula, ya ce goma sha takwas.

"Arba'in da ɗaya. Daidai da fayil. Baba, a ɗan matsar da tukunyar furen nan in auna kauri."

"Auna daga sama mana, Malam. Ai kaurin ɗaya ne."

"Fom ya ce daga gindi."

Baba Guduma ya dubi tukunyar. Shekara goma sha takwas tukunyar simintin nan tana jingine da gefen dutsen, ba wanda ya taɓa ce mata kanzil. Ya sa gwiwa ya ture ta. A siririn gefen dutsen, daidai tsayin gwiwa, akwai haruffa huɗu, kowanne bai fi babban yatsa ba: AUTA.

"Wannan fa?"

"Ƙanwata ce."

"Tana cikin motar?"

"Tana ciki."

Malamin ya buɗe fayil, ya sake bin jerin nan biyu da fensir, bai same ta ba. Sai ya zauna a bakin tukunyar, abin da ba ya yi a kan aiki, ya ce yana saurare.

Ga yadda abin ya kasance. Su bakwai ne a gidansu, Guduma ne na biyu, Auta ce ta ƙarshe, shi ya yi goyonta. Ya koyi sassaƙar dutse a wajen wani tsoho mai yin allunan buɗe gine-gine, irin waɗanda ake lulluɓewa da ƙyalle a kira babban mutum ya yaye. Auta kuwa ta girma ta ga wani tela, tela ya gan ta, suka yi aure. Gidansu Guduma na ɓangare ɗaya ne, gidan tela na ɗaya ɓangaren. Wanne ne na masallaci, wanne ne na coci, fayil bai faɗa ba, shi ma Guduma ya daɗe da daina faɗa. Mahaifinsu ya rufe mata ƙofa. Dangin tela suka karɓe ta da hannu ɗaya. Da daminar 1979 ta bar jaririyarta wajen miji, ta hau bas za ta sayo zare a ƙetaren kogi, gada ta karye.

Da hukuma ta ce za a kafa dutse, sai aka ce liman ya kawo jerin nasa, fasto ya kawo nasa. Guduma aka ba sassaƙa. Ya duba jerin farko, ba Auta. Ya duba na biyu, ba Auta. Ya tafi wajen nasu, suka ce ai ta bi miji, can za a rubuta ta. Ya tafi wajen dangin miji, suka ce sunanta bai taɓa shiga littafinsu ba, ya koma gida. Ba wanda ya ɗaga masa murya. Kowa ya yi masa ta'aziyya, kowa ya raka shi har bakin ƙofa. Sau huɗu yana wannan zirga-zirga, har takalminsa ya tsinke. Ranar da ya gama suna na arba'in da ɗaya, shugaban aiki ya tafi cin abincin rana, Guduma ya durƙusa a gefen dutsen da ƙaramin cizal, ya sassaƙa haruffa huɗu. Sunan yanka bai sa ba, don nasu za su ce nasu ne. Sunan da dangin miji suke kiranta bai sa ba, don su ma za su ce nasu ne. Ya sa wanda shi yake kiranta da shi. Kafin a yaye ƙyalle ya riga ya kawo tukunyar fure. Bayan wata uku hukuma ta ɗauke shi mai kula da dutsen, ya karɓa da hannu biyu, don ya san idan wani ne zai riƙa shara a wurin, tukunyar ba za ta yi mako ba.

"In aka gani, goge shi za a ce in yi," ya ce wa malamin. "Ba izini. Kuma da hannuna za a ce in goge, tunda ni ne mai cizal."

Malamin rajista ya daɗe yana kallon fom ɗinsa. Mutum ne da bai taɓa rubuta abin da bai gani ba, bai kuma taɓa barin abin da aka tambaye shi ba.

"Fom ya ce fuskar gaba, na rubuta ashirin da uku. Ya ce fuskar baya, na rubuta sha takwas. Ban ga inda ya ce gefe ba. Abin da ba shi da gurbi, ba ni da inda zan sa shi." Ya sunkuya. "Amma wannan tsagar ta ƙarƙashin sunan, ita tana da gurbi."

Ya ɗora tef. Tsagar, siririya kamar gashi, ta taso daga gindi ta kai santimita goma sha ɗaya. Sunan yana farawa a arba'in. Ya rubuta goma sha ɗaya, ya taya Baba Guduma mayar da tukunya.

Tsagar nan tana da nata tarihin. Da aka kafa dutsen a 1980, a tsakiyar fili yake. Mai zuwa daga kasuwa ya ga fuska ɗaya, mai zuwa daga asibiti ya zagayo ya ga ɗayar, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. A 1991 aka faɗaɗa titi, ya cinye filin gaba, gidan waya kuma ya ja katanga ta baya. Aka wayi gari fuska ɗaya tana kallon duk motar da ta wuce, ɗayar tana kallon bulo. Wata biyu ba a yi ba takardar koke ta iso ofis, mai shafi shida, da sa hannu ɗari uku. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya ce a juya dutsen. Aka juya shi a 1992. Kafin tawada ta bushe, takardar ɗaya ɓangaren ta iso, mai shafi tara.

Daga nan abin ya zama kamar zazzaɓin damina, ya tafi ya dawo. An juya a 1994 da 1997. A gaban malamin rajista an juya a 1999, da 2002, da 2003, da 2006, da 2008, da 2011. Wani juyin sabon ciyaman ne ya hau. Wani juyin yarjejeniya ce aka yi cewa kowa shekara bibbiyu, ba a kuma taɓa cika ta ba, don kullum ana gardamar daga wace rana za a fara ƙirga. Na 2003 saboda wani babban baƙo aka yi, baƙon ya zo ya bi ta wata hanyar. Iyalan mamatan kuwa, waɗanda aka ce don su ake yi, yawancinsu ba sa cikin masu sa hannu. In fuskarsu na bango, sai su matse su shiga lungun, su yi addu'arsu, su fito suna kakkaɓe riga.

Duk juyin nan tara hannun Baba Guduma ne. Ba ya yarda a ɗaure gindin da siminti, farar ƙasa yake sawa don ta buɗu ba sai an daka ba. Ya tone kewaye, ya zura dogayen ƙarafa, a ɗaga kaɗan, ya tokare da katako, a sake ɗagawa. Tun juyi na biyu ya samo wani faifan ƙarfe na tsohon injin niƙa ya binne a ƙarƙashi, yana shafe shi da giris. Gefen sunan kuwa yakan lulluɓe shi da buhu har a mayar da tukunya. Da leburori takwas, rabin yini ya ishe shi. Amma kwana uku yake yi, ya sa a tare rabin titi, motoci su yi ta ham, ciyaman ya makara zuwa ofis.

"Baba, aikin nan bai kai kwana uku ba," malamin ya ce masa a juyin 2002, yana duba agogo.

"Rufa min asiri, Malam Rajista. In suka san sauƙinsa, duk Litinin sai sun juya."

Bayan kowane juyi malamin zai zo da tef. Sha huɗu. Sha takwas. Ashirin da biyu. Zai faɗi lambar a hankali, ya rubuta. Wata rana sukan yi hirar ciwon baya, wanda dukansu biyu suke da shi, ɗaya daga ɗaga dutse, ɗaya daga zaman kujera. Ba su taɓa shiga gidan juna ba. A juyin 2011 tef ya nuna talatin da uku.

Jaririyar da Auta ta bari ta girma a shagon ubanta, a cikin ƙarar keken ɗinki, ta karanci aikin jinya ta zama nas. Tela ya rasu tana da shekara ashirin. Ranar da gada ta karye, kowace shekara, takan zo da safe kafin ta wuce asibiti, kawunta ya matsar da tukunya, ta ɗora hannu a kan haruffan ta ɗan jima. Kowane juyi yana canza wa sunan wuri. Wani lokaci yana kallon teburin mai jarida, wani lokaci yana kallon kwata.

"Kawu, bana ina uwata take kallo, jarida ko kwata?"

"Kwata."

"To Allah ya kawo sabon ciyaman, ko ta samu ta karanta labarai."

"Ke dai bakinki irin nata ne, ba linzami."

A watan Afrilun 2013 takarda ta sauko daga sama. Ta ce duk wata alamar addini da ke filin hukuma, ko dai a nuna kowane ɓangare daidai wa daida, ko kuma a kai ta sito cikin kwana sittin. Injiniyan sashen, mutum mai son gama magana da wuri, ya zo ya ƙwanƙwasa dutsen, ya duba awon tsagar a fayil, ya rubuta cewa wani cikakken juyin zai raba shi biyu. Shawararsa ita ce sito.

Baba Guduma ya san siton nan. Can aka kai agogon kasuwa da ya tsaya, aka ɗora masa tsofaffin tayoyi. Can allunan da maigidansa ya sassaƙa suke kife a ƙasa, ana taka su a haye ruwa in rufin ya yi yoyo. Bai taɓa ganin abin da ya shiga ya fito ba.

Malamin rajista ne ya kawo masa kwafin takardar har rumfarsa ta ajiye kayan aiki, da la'asar. Shi ma yanzu furfura ta cika masa kai, ya koma sa tabarau. Ya karanta masa sau biyu. Baba Guduma ya miƙe. Ya ɗauki kwalin ashana daga kan benci, ya tsayar da shi a gaban wani bulo, faffaɗan gefe yana kallon malamin.

"Wannan bulon katanga ce. Kai ne titi."

Ya sa yatsa biyu ya juya kwalin rubu'i, siririn gefe ya fuskanci malamin.

"Mai zuwa daga kasuwa ya ga wannan. Mai zuwa daga asibiti ya ga wannan. Ba wanda ke kallon bango."

Malamin ya cire tabarau, ya mayar. "Zai shiga wurin?"

"Zai shiga. Saura yatsa huɗu tsakaninsa da katanga. Na auna."

"Yaushe ka auna?"

"Tun juyi na farko."

"Baba, shekara ashirin da ɗaya ke nan."

"Na sani."

"Kwamiti goma sha ɗaya aka yi a kan dutsen nan. Ni na rubuta bayanan takwas daga ciki. Kana zaune a bakin ƙofa a duk zaman, ba ka ce uffan ba?"

Baba Guduma ya nuna siririn gefen kwalin da farce. "In wannan gefen ya kalli titi, bakinsa zai kai har hanyar masu ƙafa. Ba wurin tukunya. Kowa zai gani. In kuma na mayar da shi bango, yatsa huɗu ne, ko hannun yarinyar nan ba zai shiga ba. Na binne Auta ke nan karo na biyu. Gaba kura, baya siyaki. Sai na ce bari in yi shiru, ko za su gaji su daina. Su ba su gaji ba, dutsen ne ya gaji." Ya ajiye kwalin. "Kana rubuta santimita kana ganin laifin ciyaman. Ni na tsaga dutsen nan, Malam. Sau tara, da hannuna."

Malamin bai ce masa ba haka ba ne, don ba ya faɗar abin da bai tabbatar ba. Ya ce kawai zaman kwamiti ranar Alhamis ne, zai sa sunansa a cikin masu magana, in ya so ya yi, in ya so ya bari.

Washegari Baba Guduma ya je asibiti, ya jira a bencin marasa lafiya har 'yar Auta ta fito hutun rana. Ya fito da kwalin ashana ya nuna mata. Ta kalla, ta kalle shi.

"Wato shekarun nan duka da uwata take kallon kwata, kai ne?"

"Ni ne."

"Kai, Kawu." Ta zauna kusa da shi, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. "Shekara talatin da uku kana ɓoye ta a bayan tukunya kamar kayan sata. Me ta sata? Zare ta je saye. Ni na gaji da leƙa uwata ina waige-waige. Kai ma ka gaji, dubi idonka."

"In suka ce in goge fa?"

"Ka ce hannunka yana rawa. Ƙarya ne? Kawo in gani." Ta kama hannun, ya yi rawa. "Ka gani. Ni zan rubuta maka takardar shaida."

"In suka kawo wani ya goge?"

Ta mayar da takalminta. "To ai sai ya karanta kafin ya goge. Ko mutum ɗaya ne, an samu wanda ya karanta."

Ranar Alhamis aka zauna a ƙaramin ɗakin taro, fanka tana juyawa ba iska. Akwai ciyaman, da liman, da fasto, da injiniya, da mutum uku-uku daga kowane ɓangare. Limamin da faston ba su ne na 1980 ba, waɗancan ƙasa ta daɗe da rufe musu ido. Baba Guduma ya tsaya da hularsa a hannu, ya ɗora kwalin ashana a kan tebur, ya jingina fayil a bayansa, ya juya rubu'i. Duk suka leƙo. Wani ya ce, "Ikon Allah, ashe abin a gabanmu yake." Liman ya dubi fasto, fasto ya dubi liman, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara ƙi, ba wanda ya ƙi.

Ba a yi minti biyar ba aka koma gidan jiya. Wace fuska ce za ta kalli kasuwa, wacce za ta kalli asibiti? Wani ya ce kasuwa ta fi jama'a. Wani ya ce ai hasken safe ta asibiti yake faɗowa. Injiniya ya buga biro a tebur.

"Maganar mai sauƙi ce. Gefen da ya tsage shi za a mayar bango, don kada jama'a su gani su tsorata. Kowace fuska ta faɗa inda ta faɗa."

"In tsagar ta koma bango, tef ba zai shiga ba," in ji malamin rajista, bai ɗaga kai daga littafinsa ba. "Fom yana neman awo duk shekara."

Nan Baba Guduma ya ga ƙofa a buɗe. Da ya yi shiru, da maganar tef ta isa a juya yadda yake so. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shirun ya ishe shi haka nan.

"Ranka ya daɗe, akwai kuma suna a gefen. Ni na sa, ba da izini ba. Ƙanwata ce. Ba ta cikin jerin kowa."

"Ta wane ɓangare ce?" wani daga ƙarshen tebur ya tambaya.

"Ta cikin motar."

Fensir ɗin malamin ne kawai ake ji yana tafiya. Fasto ya gyara zama. Liman ya shafa gemu, ya ce Allah ya jiƙan duk wanda ruwan nan ya ci, wasu suka ce amin, wasu suka dubi ciyaman. Wani dattijo ya ce maganar suna ba ƙarama ba ce, sai an koma an tuntuɓi manya. Na ɗaya ɓangaren ya ce su ma haka. Ciyaman ya dubi agogo, ya tambayi kwana nawa ya rage cikin sittin ɗin, aka ce ashirin da shida.

"A juya tukuna, tsaga ta kalli titi. Maganar suna sai zama na gaba."

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, aka juya. An fara ƙarfe takwas, an gama sha ɗaya saura minti ashirin. Injiniya ya ce shi fa an gaya masa aikin kwana uku ne, Baba Guduma ya ce ai wannan rubu'i ne. Shi da kansa ya riƙe ƙarfen gefen tsagar, yana cewa leburori a hankali, a hankali, kamar mai sauke mara lafiya daga mota. Da dutsen ya zauna, malamin ya durƙusa da tef. Talatin da shida. Baba Guduma ya ɗaure gindin da ɗamarar ƙarfe, ya kwaɓa siminti a karon farko ya zuba har ya rufe faifan injin niƙa. Tukunyar furen ya ba mai jarida.

Da yamma 'yar Auta ta biyo da kayan aikinta a jiki, ta tsaya a hanyar masu ƙafa, mutane suna wuce ta dama da hagu. Ba ta sunkuya ba, ba ta waiga ba.

"Yau dai ta ga mota," ta ce.

"Za ta sha hayaƙi kuwa," in ji kawunta. Ya zauna a bakin titi.

Maganar sunan ta shiga jerin abubuwan tattaunawa a zama bakwai, ana ɗagewa, har wa'adin kwamitin ya ƙare ba a naɗa wani ba. Ba a ba da izinin sunan ba, ba a kuma ce a goge ba. Malamin rajista ya rubuta takarda yana neman a ƙara gurbin gefe a fom, aka amince bayan shekara uku, ya rubuta ɗaya a ciki. A 2017 aka ba wani mai gyaran waya izinin kafa rumfa a wurin, bencinsa ya tare gefen dutsen daga titi, amma yakan matsar in an roƙe shi.

Baba Guduma ya yi ritaya a watan Agustan 2015, bayan shekara talatin da biyar yana aiki. Idonsa ya yi rauni, ya koma gidan 'yar Auta da zama. Yakan sa ta biyo da shi ta wajen dutsen ya shafa ɗamarar ƙarfen ya ji ko ta saki. Ya rasu ranar 2 ga watan Nuwamba, 2019, yana da shekara sittin da tara. Ba a ɗauki wani a gurbinsa ba. Dutsen yana nan yadda ya bar shi, sunaye arba'in da biyu, tsagar tana kan talatin da shida a awon bara.